Wai da gaske hanji yana yoyo? Yarona ya ƙi murmurewa tun bayan gudawa

Uwar Auta ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ma'aikatan lafiya da iyayenmu mata da suka ga jiya suka ga yau ku taimaka min da shawara, wallahi abin nan ya hana ni barci. Yarona watansa 14, tun da damina ta sauka yake fama da gudawa, ta yi kwana uku ko huɗu ta tsaya mu ce alhamdulillahi, bayan sati biyu ta sake dawowa. Surukata ta ce haƙori ne in ya gama fitowa zai daina, toh haƙora sun fito har takwas gudawa ba ta fasa ba. Mun sayi Flagyl na ruwa a kemis ya kai kwalba uku, an fasa masa ja da yalo a cokali an ba shi, an jiƙa masa sassaƙe, ba irin wanda ba mu yi ba. Yanzu dai sati uku kenan ba ya gudawar amma yaro ya ƙi komawa yadda yake, wandon da na ɗinka masa tun ƙaramar sallah har yau zamewa yake daga ƙugunsa, ciki ne kawai a gaba, gashin kansa ya yi laushi ya fara yin ja-ja. Kuma yana shan kunu fa, kofi guda safe da yamma, ga nono ban yaye shi ba.

Sai jiya maƙwabciyata ta turo min wani bidiyo a WhatsApp, wani mutum da farar riga yana bayani wai hanjin mutum yana hujewa ya riƙa yoyo kamar tsohon bokiti, dattin ciki ya riƙa zuba cikin jini, wai shi ke kawo rama da ƙuraje da ciwon gaɓoɓi da mantuwa da komai da komai. Ya ce a daina cin alkama a daina shan nonon shanu, a sayi wani garin magani nasa mai liƙe hujin, gwangwani ɗaya N25,000. Na kalla ya fi sau uku, gabana sai faɗuwa yake don duk abin da ya lissafa sai in ga kamar yarona yake nufi.

Shin da gaske ne hanji na yoyo? In gaskiya ne abinci na iya gyara shi ko sai wannan garin? Wane abinci? Ina da adashin da zan ɗauka ƙarshen wata, in shi ne maganin wallahi zan saya.

Sistar Awo ta amsa:

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu, Allah ya ba shi lafiya. Kafin komai, kar ki sayi garin nan, riƙe kuɗin adashinki. Gobe da safe ki goya shi ki kai shi wajen awo a ɗora shi a sikeli, a kuma auna damtsensa da ɗan tef ɗin nan mai kala uku. In ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, akwai abinci na musamman da ake bayarwa. In yalo ne, tsakanin 11.5 da 12.5, ya kama hanya amma ana taro shi da wuri. Ki danna bayan ƙafarsa da babban yatsa ki ƙirga uku, in wurin ya lotsa bai taso ba a ƙafafun biyu to kar ma ki jira goben. Gashin da kika ce ya yi ja shi ya fi tsaya min a rai.

Maganar yoyo kuma, mai bidiyon ya ɗauko gaskiya 'yar kaɗan ne ya naɗe hajarsa da ita. Kin taɓa wanke hanjin rago ranar layya ai, kin ga wannan yauƙin da kike matsewa yana bin yatsunki. To mu ma haka cikin hanjinmu yake, akwai yauƙi a shimfiɗe, a ƙarƙashinsa akwai wata fata siririya ƙwarai, layi ɗaya tak na ƙwayoyin halitta, ita ce tsakanin abin da ke cikin hanji da jinin mutum. A ƙaramin hanji fatar nan tana da 'yan tsinkaye miliyoyi a tsattsaye kamar gashin sabon tawul, su ke tsotse amfanin abinci. Sau da yawa in yaro ya yi gudawa gashin tawul ɗin nan yana kwanciya ya guntule. Ikon Allah, fatar tana sabunta kanta duk bayan kwana 3 zuwa 5, amma fa sai da kayan aiki, kuma kayan aikin daga abinci suke zuwa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da gudawa ta sake buge shi kafin hanjin ya gama gyaruwa, kuma abincinsa tsululun kunu ne, to zai sha kunun amma wani ɓangare wucewa zai yi. Abin da nake zargi ya samu ɗanki kenan.

Wani abu da nake ganin kusan duk uwar da ta zo min ba a ba ta shi ba shi ne zinki. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce duk yaron da ke gudawa a haɗa masa ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zinki, miligiram 20 kullum ga wanda ya wuce wata 6, miligiram 10 ga wanda bai kai ba, har kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya a kwana na biyu a ci gaba. Nan ne iyaye ke kuskure, da kashi ya ɗaure sai a jefa sauran ƙwayar a kwaba. Alhali sauran kwanakin nan su ne na gyaran bangon hanji, kuma su ke rage dawowar gudawar wata biyu zuwa uku a gaba. Jikin mutum ba shi da rumbun ajiye zinki, gudawa kuma kwashe shi take ta fitar, ga shi kuma duk ƙwayar halittar da za ta rabu ta haifi sabuwa sai da shi. Ƙwayar tana narkewa a cokali da ɗan ruwa ko ruwan nono, kuma kuɗinta bai kai na kwalbar Flagyl ɗaya ba.

Shi kuwa Flagyl ɗin da ja da yalo dan Allah a daina. Yawancin gudawar yara ƙanana bairos ne ke kawo ta, waɗannan magungunan ba sa taɓa shi, sai dai su kashe ƙwayoyin kirki da ke zaune a hanji suna gadi. Ja da yalo ma ba a ba yaron da bai kai shekara 8 ba, yana ɓata haƙori. In kin ga jini a kashi wannan daban, asibiti za a je a rubuta wanda ya dace.

Ki duba katinsa kuma ko an ɗiga masa bitamin A, jan kwanson nan da ake yanke bakinsa a matsa a bakin yaro duk wata 6. Shi ma aikinsa kenan, kula da fatar hanji da ta hanyar numfashi da ta ido. Kar ki yaye shi yanzu sam.

Ɗalibin Lab ya amsa:

Sista ta gama magana a kan abin da za a yi gobe, Allah ya saka. Ni bari in ƙara a kan yadda abin ke aiki don fannin da nake karanta kenan, kuma raina na ɓaci in ga ana cin kuɗin iyayenmu da shi.

Anti, ƙwayoyin halittar da Sista ta faɗa a jere suke kafaɗa da kafaɗa kamar sahun sallah, kuma a tsakanin kowace da 'yar uwarta akwai wasu furotin da ke ɗinke su, kamar zif. Zif ɗin nan ba a rufe yake ruf ba, yana barin ruwa da gishiri su wuce ya hana manyan abubuwa. In ya saki, to gutsattsarin ƙwayoyin bakteriya na tsallakawa, sojojin jiki da ke jibge a bayan bangon su taso da faɗa, wurin ya kumbura. Wannan shi ne yoyon, ba wai huji ne da za a gani da ido ba, kuma ba wani gari da za a sha ya je ya liƙe shi kamar faci. Faɗin cikin hanjin babban mutum in an shimfiɗe ya kai murabba'in mita 30, masu bincike a Suwidin suka sake aunawa a 2014, wato ya kai falo babba, duk wannan filin ake gadi dare da rana.

Kuma abin da ya fi ba ni mamaki da na fara karatun, a kan yaran Afirka ta Yamma aka yi ɗaya daga cikin manyan binciken. A Gambiya, yankin Keneba, a 1991 aka wallafa shi. Masu binciken sun riƙa ba jarirai wasu irin sukari guda biyu, ɗaya ƙarami wanda lafiyayyen hanji ke tsotsewa, ɗaya babba wanda bai kamata ya wuce ba sai in zif ya saki, sannan su auna fitsarin yaran. Suka ga tun daga lokacin da aka fara ba yara kunu da ruwa babban sukarin ke ƙara fitowa a fitsari, suka lissafa cewa lalacewar hanjin nan ita ke da alhakin sama da kashi 40 cikin 100 na rashin girman yaran. Da yawansu ma ba sa gudawa a lokacin, kamar ɗanki yanzu. Yaro na rarrafe a tsakar gida inda kaji da awaki ke kashi, ya kai hannu baki, kullum 'yan ƙwayoyin cuta na shiga kaɗan-kaɗan, ba su isa su kwantar da shi ba amma hanji kullum cikin faɗa yake, abincin da ya kamata ya zama tsoka da tsawo sai ya tafi wajen ciyar da sojoji. Kuma yana warkewa. A shekarun 1960 an ga Amurkawa 'yan sa-kai da suka zauna a Pakistan hanjinsu ya koma haka, da suka koma gida ya dawo daidai.

Sai maganar babban hanji, nan ne abinci ke aiki ta wata hanya mai ban sha'awa. Ƙwayoyin halittar bangon babban hanji ba daga jini suke samun yawancin abincinsu ba. Harzar abinci da mu ba ma iya narkarwa, wadda ake ce wa faiba, irin ta wake da ganye da ɓawon hatsi, ita ke gangarawa can, bakteriyar kirki su ruɓar da ita su fitar da wani sinadari mai suna butiret, to shi ne kusan kashi 70 cikin 100 na man da bangon ke aiki da shi. Shi ke sa zif ya ƙara ɗamewa, a ƙara fitar da yauƙi. A 2016 a jami'ar Mishigan ta Amurka sun ɗauki ɓeraye suka zuba musu irin bakteriyar hanjin mutum kala 14, suka hana wasu faiba gaba ɗaya. Da bakteriyar suka ji yunwa sai suka juya suka hau cin yauƙin bangon hanjin, ya siraɗe, da aka sa musu ƙwayar cuta nan da nan ta kai ga fata ta kwantar da su, 'yan uwansu masu cin faiba kuwa da sauƙi. Kuma ki lura da wannan, sun gwada ba wasu tataccen garin faiba irin na gwangwani, bai hana cin yauƙin ba, sai wadda ke cikin abinci na ainihi.

A 2010 an kwatanta yara 14 na wani ƙauyen ƙabilar Mosi mai suna Bulpon a Burkina Faso da yara 15 na birnin Fulorens a Italiya. Yaran ƙauyen abincinsu namu ne sak, tuwon gero da dawa da wake da miyar ganye. Aka samu hanjinsu ya fi yawan nau'in bakteriya, ya fi butiret nesa ba kusa ba. Haka a 2015 aka yi musayar abinci na sati biyu kacal tsakanin baƙaƙen Amurka 20 da mutanen karkarar Afirka ta Kudu 20, na Amurkan da suka koma cin masara da wake butiret ɗinsu ya ninka sau biyu da rabi, na Afirkan da aka ba soye-soye da nama mai kitse nasu ya ragu da rabi. Sati biyu fa.

Amma Anti kar ki ji wannan ki ce za ki ɗura wa yaro dusa. Wannan na manya ne da yaran da suka tasa. Ɗan wata 14 cikinsa bai fi kofin shayi ba, shi abin da yake buƙata kowane cokali ya zama mai nauyi, furotin da mai da zinki da bitamin A, don yauƙin nan ma kansa da furotin ake gina shi. Faibarsa 'yar kaɗan daga wake da kuka da ayaba ta isa, sauran kuma nononki na yi, don a cikin nonon uwa akwai wasu sukari da jariri ba ya narkarwa, Allah ya sa su ne don ciyar da bakteriyar kirki kawai.

Alkama kuma ba ta da laifi sai ga masu wata cuta ta gado da ake ce wa siliyak, kusan mutum 1 cikin 100 a duniya, kuma gwaji ake yi a gano ta, ba a bidiyo ba.

Goggon Yara ta amsa:

Sannu ɗiyata, Allah ya raya mana shi. Ni ban yi karatun lab ba amma na yaye tara, jikoki kuma ban san iyaka ba. Tambaya ɗaya zan miki, kunun naki in kin karkata cokali zuba yake kamar ruwa ko yana kama cokalin? Don na san kununku na yanzu, a tace gasara a tace a sake tacewa sai ta yi fari fat, a dama tsululu a zuba sukari a ɗura a fida. Yaro ya cika ciki da ruwa uwa ta ce ya ƙoshi.

Ga yadda nake yi wa jikokina. Gero gwangwani uku, waken soya ɗaya, gyaɗa ɗaya, kowanne a soya shi daban sama-sama sai ya yi ƙamshi, a murje waken soyan a fece ɓawon, a kai inji. Gyaɗar ki zauna ki tsince ta da hannunki, duk wadda ta yamushe ko ta yi baƙi-baƙi ko ɗaci ki zubar, kar ki ji asara. Ki dama da kauri kamar za a yi talge. In ya yi kauri yaro ya kasa haɗiya kar ki ƙara ruwa, ki samu tsiro irin wanda muke sa wa kunun zaƙi, ki jiƙa dawa ki shimfiɗa a buhu ki rufe kwana biyu uku ta fito da 'yan farin saiwa, ki shanya ki daka, in kin sauke kunun ya ɗan huce ki barbaɗa rabin ƙaramin cokali ki juya, da idonki za ki ga ya saki ya yi ruwa, ki mayar wuta ya ɗan tafasa. Kaurin ya tafi amma ƙarfin na nan. Ki ɗiga manja ko man gyaɗa cokali guda.

Da rana tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa da daddawa, ki murmusa masa busasshen kifi ki tsince ƙaya, ranar da mai gidan ya sayo nama ki ce a sa miki 'yar hanta ko tsinke ɗaya ce, ki dafa ki murje. Ƙwai ki ba shi, maganar wai yana sa yaro sata ba ta da tushe, 'ya'yana duk sun ci. Faten wake da kabewa, alale, ayaba. Kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini, ki zaunar da shi a cinyarki da kwanonsa shi kaɗai, in kin haɗa shi da yayyensa a kwano ɗaya kafin ya kai loma biyu sun sheƙe. Ki shimfiɗa masa tabarma mai tsabta, kajin nan a killace su.

Kai kuma ɗana na lab maganarka ta dusa ta tuna min, mu da muka taso surfe sama-sama ake yi wa dawa, tuwon ya fito ja-ja, da safe a ci ɗumame. Yanzu a surfe a wanke a bai wa akuya dusar, akuya ta yi sheƙi mai gida na fama da basir.

Direban Dogon Zango ya amsa:

Allah ya ba yaro lafiya Hajiya. Ku yi haƙuri in shigo da tawa don na ga akwai masana. Ni babbar mota nake ja, Kano zuwa Legas, wani lokaci kwana huɗu a hanya. Abincina shayi da burodi da indomi da lemon kwalba, sai in an tsaya a ci shinkafa. Saboda ciwon baya kusan kullum sai na sha haɗin nan na kemis, akwai diclofenac a ciki da ibuprofen, sau da yawa ma ba komai a cikina. Yanzu wata biyu kenan cikina na kumbura, bayan gida sai in kwana uku ban yi ba, ga zafi a ƙahon zuci. Shin ni ma yoyon ne? Wani abokin aikina ya ce in sha maganin wankin ciki duk sati.

Ɗalibin Lab ya amsa:

Yaya direba, naka ma ya fi saurin ganewa. A cikin duk abubuwan da aka tabbatar a jikin mutane, ba ɓeraye ba, cewa suna sassauta bangon hanji, magungunan ciwon jiki irin diclofenac da ibuprofen da asfirin suna sahun gaba, su da giya. Suna toshe wani sinadari da ke sa ciki ya fitar da yauƙin kariya, shi ya sa suke kawo gyambon ciki, kuma har ƙaramin hanji suna yi wa 'yan raunuka. Haɗa biyu a lokaci guda ba ya ƙara kashe ciwo, ɓarnar ce ke ninkuwa. Ka dakatar da haɗin nan ka je a duba ka, zafin ƙahon zucin nan ba na wasa ba ne. In ka taɓa ganin bayan gidanka ya yi baƙi kamar kwalta ko ka yi aman jini, ajiye motar a garin da kake ka nemi asibiti, jini ne ke zuba a ciki.

Wankin ciki duk sati kuma a'a. Yauƙin da mutane ke gani ya fito su ce datti ne ya fita, ba datti ba ne, rigar hanjin ce aka kwaɓe.

Abin da ka lissafa kana ci kusan babu faiba a ciki ko kaɗan, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla giram 25 a rana, kuma kofi ɗaya na dafaffen wake kawai ya kai wajen giram 11. A tasha ma akwai mafita ai, shinkafa da wake maimakon fara, ɗanwake, kwaɗon zogale ko rama, dafaffiyar masara, aya, dabino, goruba, fura da nono. Ka fara a hankali don in ka auka wa wake rana ɗaya iska za ta dame ka, bayan sati biyu ciki ya saba, ka yawaita ruwa. Ɗumamen da Goggo ta faɗa ma akwai hikima, tuwo ko shinkafa in sun huce wani ɓangare na sitacin yana canzawa ya ƙi narkewa a ƙaramin hanji, ya gangara ya zama abincin masu yin butiret, sai dai a tafasa shi sosai kafin a ci. Kayan leda kuma a rage, a 2015 a Atlanta an ba ɓeraye wasu sinadarai biyu da ake sa wa askirim da irinsu don su yi santsi, a jikin leda ana rubuta su E466 da E433, aka ga bakteriya sun kutsa cikin yauƙin sun matso jikin bango. A mutane binciken bai yi nisa ba tukuna don haka ba zan ce maka guba ba ne, amma ba abin ci kullum ba ne.

Goggo maganar tsiro da jiƙo da kika kawo wallahi ta yi daidai da littafi. Hatsi da wake suna da wani sinadari a ɓawonsu mai riƙe zinki da ƙarfen jini ya hana hanji tsotsa, jiƙawa da tsirarwa da barin gasara ta yi tsami duk suna karya shi. Gyaɗar da kika ce a tsince kuma, fumfunar da ke kama ta da masara tana fitar da gubar afulatoksin, a 2002 an auna jinin yara a Benin da Togo aka ga waɗanda gubar ta fi yawa a jikinsu su suka fi tsumburewa.

Uwar Auta ta dawo:

Jama'a na gode, Allah ya biya ku da gidan Aljanna. Na kai shi awo yau, kilo 7.8, tef ɗin ya tsaya a yalo, 12 daidai, ƙafa ba ta kumbura ba alhamdulillahi. Ashe tun yana wata 6 ba a sake ɗiga masa bitamin A ba, sun ɗiga masa yau, sun ba shi maganin tsutsar ciki da zinkin, sun ce in dawo bayan sati biyu a sake aunawa. Goggo gaskiyarki, na karkata cokalin kunun nan na ga yadda yake zuba sai da na ji hawaye, wata huɗu ina ba yaro ruwa. Na jiƙa dawar tun ɗazu, gero da waken soya kuma gobe kasuwa. Surukata ma da na karanta mata maganarki ita ta tashi da kanta ta kama kajin ta kai bayan ɗaki.

Abu ɗaya ya rage Sista, jiya na haɗa masa madarar gari sai cikinsa ya riƙa ƙugi ya yi kashi mai ruwa sau biyu da kumfa, ɗuwawunsa har ya yi ja. Gudawar ce za ta dawo ko madarar ce? In daina ba shi nawa nonon ma?

Sistar Awo ta amsa:

A'a kar ki daina naki ko na yini ɗaya. Abin da ke narkar da sukarin madara a can ƙarshen gashin tawul ɗin nan yake zaune, shi ke fara tafiya in gashin ya guntule, shi ne kuma na ƙarshen dawowa. Ki ajiye madarar gari sati biyu zuwa uku, ki ba shi kindirmo mai tsabta wanda aka dafa madararsa kafin a kwantar, cokali uku huɗu a kan kunun, tsamin ya riga ya cinye wani ɓangare na sukarin. Ki shafa masa man kaɗanya a wurin jan. In kashin ruwan ya kai sau uku a yini ki haɗa ruwan gishiri da sukarin ki fara ba shi, in kuma ya ƙi shan komai ko idonsa ya faɗa ko ya yi laushi, ki dawo da shi ranar, kar ki jira sati biyun.